Ina 'Yan Amshi Suka Shiga?

Tun ranar Laraba ake ta kira na a waya, wasu kuma suna turo saƙo, duk a kan magana ɗaya: wai na ji abin da yaron nan ya yi? Yaron da ake nufi ɗan wani makaɗin fada ne na ƙasar Argungu, wanda ubansa ya rasu shekarun baya ya bar masa ganguna da mutane. Ba zan kama sunansa ba, waɗanda suka sani sun sani. Makon jiya ya saki sababbin waƙoƙi guda shida a YouTube, kuma a cikin shidan nan babu inda aka taɓa fatar taushi ko sau ɗaya. Fiyano ne daga farko har ƙarshe, da muryar nan da kwamfuta ke lanƙwasawa. Huɗu na soyayya, ɗaya ta amarya, ɗaya ta wani mai neman kujera. Sai gari ya ɗauka. Wannan ya ce ya zubar da gadon gidansu, wancan ya ce da uban yana raye da baƙin ciki ya kashe shi, wani ma har da Allah ya isa, alhali ko sisin kwabonsa bai taɓa shiga gidan ba.

Dalilin da ya sa ake nema na shi ne kawuna, ƙanin mahaifiyata, ɗan amshin uban yaron ne, ya fi shekara talatin a bayansa. A gidan Kawu na yi wayo, ina ganin ana shanya ganguna da hantsi don fatar ta ɗaure. So ake in fito in yi tofin Allah tsine. To ban yi ba. Na bari sai da na je Argungu ranar Asabar, na zauna da Kawu, na kuma ga yaron ido da ido. Abin da zan rubuta yana da tsawo, mai sauri ya wuce abinsa, ba a yi faɗa ba.

Da farko dai, irin wannan rigima ba a kanmu farau ba. Akwai wata ƙungiyar mawaƙa a Amurka mai suna Linkin Park, da ta yi tashe tun shekarar 2000 da kiɗan da Turawa ke kira rok, wato jita mai ƙara kamar tsawa, da ganguna, da ihu. A watan Mayun 2017 suka fitar da kundin One More Light, suka sassauta jitar, suka koma kiɗa mai laushi irin wanda gidajen rediyo ke so. Kundin ya hau na ɗaya a jerin cinikin Amurka, amma tsofaffin masoyansu suka yi musu ca, wai sun sayar da kansu. Da suka je wani taron kiɗa a Faransa a watan Yuni, ihu aka yi musu, har da jifa. Wata biyu da fitowar kundin, jagoran waƙarsu Chester Bennington ya rasu. Ban ce zagin ne sanadi ba, amma na kawo labarin ne don masu Allah ya isa su ɗan sassauta harshe. Mutum ake magana a kansa, yana da uwa da mata, kuma yana karanta abin da kuke rubutawa.

Yanzu mu dawo gida. Yawancin masu cewa a tsaya a kan gargajiya, in ka tambaye su mece ce gargajiyar, ganga za su nuna maka. Ni kuwa da na tashi a cikin abin, na san ganga ita ce ƙarama a ciki. Makaɗin fada a ƙasar Kabi da Sakkwato da Zamfara gida ne guda. Akwai jagora mai jan waƙa. Akwai 'yan amshi, da mu nan muke ce wa 'yan karɓi, waɗanda galibi su ne kuma ke riƙe da gangunan. Akwai sanƙira mai kirari, yana shelar kyautar da aka yi. Akwai yara masu ɗaukar kaya, waɗanda a haka suke koyon sana'ar ba tare da an zaunar da su an koya musu ba. Duk waɗannan bakuna a wuyan ubangida suke. Sarki ko hakimi shi ke ba da gida, ya ba da gona, ya aiko da dammunan gero in an yi kaka, ya ɗinka riguna da Sallah, ranar da waƙa ta ratsa shi ya ce a kwanto doki. Shi kuma makaɗi bakinsa na ubangidansa ne, ba ya zuwa ƙofar wani sai da izini.

A wannan tsari Ibrahim Narambaɗa ya zauna da Sarkin Gobir na Isa Ahmadu, Salihu Jankiɗi ya zauna da Sarkin Musulmi Abubakar, Sa'idu Faru ya zauna da Sarkin Kudu Muhammadu Macciɗo. A wannan tsarin ne kuma Aliyu Ɗandawo ya yi wa fadar Kabi kiɗa a Argungu, kafin gidansa ya koma Yawuri. Waƙoƙin da muke ji yau muna kaɗa kai, muna cewa an yi mutane, hatsin wani ne ya riƙe masu yin su har suka sami natsuwar zama su tsara su.

Kuma kada wani ya ɗauka ɗan amshi aku ne, abin da aka faɗa kawai yake maimaitawa. Duk wanda ya saurari Musa Ɗanƙwairo da kunnen basira ya san sau da yawa shi fara magana kawai yake yi, mutanensa su cafe su ƙarasa, wani lokaci su ƙara abin da bai faɗa ba, shi kuma ya huta ya ja numfashi ya sake shigowa ta wata ƙofar. Kawu ya sha ba ni labarin yadda suke ɗinka waƙa. Bayan isha'i a zaure, maigida ya kawo gindin waƙa, a yi ta juya shi. Wannan ya ce kalmar nan ta yi nauyi, ba ta hau kiɗa ba. Wancan ya tuno sunan kakan wanda za a yi wa waƙar, da yaƙin da ya je, da garin da ya sara. Wani ya kawo habaicin da za a soka wa ɗan'uban sarki ba tare da an kama suna ba. Sai a yi mako biyu waƙa ɗaya ba ta nuna ba. Ranar da aka fita da ita, sunan maigida kaɗai duniya za ta riƙe, amma kai bakwai ko takwas ne suka haɗu a kanta. Har ma masu rubuta tarihin Ɗanƙwairo sun ruwaito cewa laƙabin da ya game duniya da shi asalinsa sunan wani yaron mahaifinsa ne mai zaƙin murya, da aka ji muryar Musa ta yi kama da tasa sai aka laƙaba masa. Ku duba fa, sunan da ya fi kowane girma a kiɗan fada, daga bayan sahu aka aro shi.

To ita wannan gargajiya, yaushe ta taɓa tsayawa wuri ɗaya? Gidan su Ɗanƙwairo da kiɗan noma suka fara, mahaifinsa Usman Ɗankwanda manoma yake yi wa, daga baya aka koma fadar Maradun. Da siyasa ta zo, Sardauna Ahmadu Bello ya jawo Ɗanƙwairo jikinsa, kotson fada ya shiga hidimar jam'iyyar NPC. Kai, ko bikin kamun kifin da muke tinƙaho da shi yana da ranar haihuwa. Su a Matan Fada tsohon abu ne, amma bikin a siffar da muka san shi ya samo asali ne daga 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara Argungu a zamanin Sarkin Kabi Muhammadu Sama, aka binne gabar da ta daɗe tsakanin Kabawa da Sakkwato. A ranar sabon abu ne, yau shi ne gadon kakanni.

Na'ura ma ba yau ta fara taɓa waƙarmu ba. Faifan garmaho na farko-farko minti uku da 'yan kai yake ɗauka a kowane gefe, waƙar da ake raba dare ana yi dole a datse ta ta shiga. A 1962 aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna, muryar da a da sai ka je ƙofar fada ran Sallah za ka ji ta, sai ga ta a teburin mai shayi, daga nan har Gaya da Doso. Makaɗi ya gane cewa yanzu yana da masu sauraro da ba su san ubangidansa ba, kuma su ma suna da aljihu.

Amma babbar girgizar daga baitulmali ta zo. Bayan juyin mulkin 15 ga Janairun 1966, sojoji suka shiga zare wa sarakuna ƙarfi ɗaya bayan ɗaya. 'Yan doka da gidajen yari da kotuna suka bar hannun En'e suka koma hannun gwamnati. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa aikin. Sarkin da a da yake rabon dawaki ya koma mai jiran albashi, hakimi kuwa ba a magana. A daidai wannan lokaci kuɗin man fetur suka malalo, aka sami sababbin masu hannu da shuni: 'yan kwangila, dillalan motoci, manyan ma'aikata, sojoji, sannan 'yan siyasar Jamhuriya ta Biyu. Waɗanda suka ga zamanin Shehu Kangiwa, ɗan ƙasar Arewa ta masarautar Argungu, wanda ya zama gwamnan tsohuwar Jihar Sakkwato a 1979 ya rasu a 1981 sanadiyyar faɗuwa daga kan doki a wasan folo a Kaduna, sun san yadda makaɗa suka yi rububinsa. Kyautar doki ta koma kyautar mota da kujerar Makka. Ɗanƙwairo ya yi wa attajirai waƙa. Marigayi Sani Aliyu Ɗandawo, wanda ya gaji mahaifinsa, ya yi wa sarakuna, ya kuma yi wa masu mulki da masu kuɗi, kasusuwansa suka cika tashoshin mota. Yau duk waɗannan waƙoƙi muna sa su a sahun gargajiya tsantsa, ba mai ɗaga gira.

A nan ne Kawu ya ba ni dariya ranar Asabar. Da na karanta masa irin zagin da ake yi wa yaron, sai ya yi murmushi ya ce: "Ɗana, ai wagga magana tsohuwa ta. Ranar da munka hwara yi ma ɗan kwangila kiɗi a Birnin Kabi, tsohin hwada sun yi wata ukku ba su amsa gaisuwar maigida ba. Cewa sunka yi ya kai gangar sarki kasuwa." Wato uban da ake cewa yaron ya ci amanarsa, shi ma da kalmomin nan aka zage shi a zamaninsa. Na tambayi Kawu, to me ya sa kuka je? Ya ce shekarar hatsin da aka aiko musu daga gidan ubangida bai kai su watan azumi ba.

Sai dai akwai bambanci tsakanin waccan sauyawa da ta yanzu, kuma shi ne dalilin wannan dogon rubutu. Da aka bar ƙofar sarki aka koma ƙofar ɗan kwangila, da mutanen aka tafi gaba ɗaya. Motar da aka ba maigida, 'yan karɓi ne suka cika bayanta. Kujerar Makka in ta zo bana ta jagora ce, baɗi ta Daudun kiɗi ce, wata shekarar ta faɗo kan wani. Kawu da kansa a haka ya sauke farali. Ubangida ya canza, gidan bai watse ba.

Fiyano kuwa da ya zo, gidan ya taɓa. A 1990 aka yi fim ɗin Turmin Danya a Kano, daga nan sana'ar finafinan Hausa ta kafu. Kafin shekarun 1990 su ƙare, ɗakunan naɗar waƙa na Kano sun sami fiyanon Yamaha mai ɗauke da sautuka iri-iri, har da masu kama da kayan kiɗanmu. Wanda ya ga tashen fim ɗin Sangaya ya san abin da nake faɗi, ba gidan bikin da ba a ji kiɗansa ba, har nan Birnin Kebbi. Aka sa wa salon suna nanaye, dattawa suna yi masa kallon wasan yara. Kafin a ankara kwamfuta ta shigo, situdiyo ya zama ɗaki ɗaya da yaro ɗaya da janareta. Kaset ya ba sidi wuri, sidi ya ba memori wuri, memori ya ba waya wuri. Wani abin lura, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi, 1991, ita ce shekarar da Ɗanƙwairo ya rasu. Duk wanda aka haifa da jihar nan, a zamanin fiyano ya yi wayo. Ita kanta fada ba ta juya wa abin baya ba, tunda a ƙarshen 2018 Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya naɗa Naziru M. Ahmad Sarkin Waƙarsa, kuma kowa ya san a situdiyo Naziru ya yi suna.

Sautin ganga yana nan a cikin fiyano, ko da na kwaikwayo ne, ka danna ya fito. Mutum ne babu. A situdiyo amshi aikin rabin awa ne. A kira yarinya ko yaro mai murya, ya rera gindin waƙa sau ɗaya ko sau biyu, a biya shi ya kama gabansa, mai kwamfuta ya yi ta liƙa muryar duk inda ake so. Mai amshin bai san wanda ake yi wa waƙar ba, balle kakansa. Ba zai ce wa mawaƙi wannan ɗan waƙar bai zauna ba, a sake. Ba zai ƙara ko kalma ɗaya tasa ba. Shi ya sa za ka ji waƙar wani ɗan siyasa ta minti goma, in ka cire sunansa ka sa na abokin hamayyarsa ba abin da zai ɓaci. A waƙar Narambaɗa ba ka isa ka yi haka ba, don an ɗinka ta ne daidai jikin mai ita.

Da na bar gidan Kawu na nemi yaron, na same shi a shagon wani abokinsa. Na yi zaton zai yi mini ɗagawa, sai na tarar duk jikinsa ya yi sanyi. Ya ce: "Yaya, mutum tara Baba ya bar mini. Uku sun rasu, biyu ba su iya doguwar tafiya. A cikin ɗiyansu ba wanda ya yarda ya karɓi ganga." Kuma gaskiya ya faɗa, na san yaran. Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa a Birnin Kebbi a 2015, wasunsu suka faɗa fadama, suka ga abin da noman rani ke kawowa. Wasu suna kabu-kabu, ɗaya yana karatu a Aliero. Wa zai bar wannan ya bi ganga yana jiran abin da aka liƙa a goshi a raba takwas?

Ya ce tun da aka cire tallafin mai a 2023, in aka gayyace shi biki Sakkwato ko Kaduna, kuɗin motar da za ta kwashe su da kayansu kaɗai ya isa ya sa mai biki ya fasa. Ga tsoron hanya. Na ƙarshen da ya kira shi cewa ya yi, ka yi mini waƙar a situdiyo ka turo ta WhatsApp, DJ zai saka. Shekara biyu yana ƙin irin wannan aiki saboda kunyar sunan ubansa, har ya sayar da ɗaya daga cikin gonakin gado. Ya ce: "Masu zagina ɗin nan, Yaya, wallahi ko ɗaya bai taɓa kirana suna ko ɗaurin aure ba. Waƙoƙin Baba ma kyauta suke tura wa juna." Ban sami abin ce masa ba.

A hanyar dawowa na tuna wani labari da ya faru a nan maƙwabtanmu, wanda ya bi hanyar nan amma ta baya. Akwai wani Ba'abzine ɗan jihar Tawa a Nijar, Mahamadou Souleymane, da duniya ta sani da Mdou Moctar. Bahago ne, kuma jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta da wayar birkin keke. A 2008 ya tsallako Sakkwato, a bakin gulbin Rima ɗin nan namu, ya shiga situdiyo ya naɗi kundinsa na farko mai suna Anar. Da harshen Tamashek ya yi, amma kiɗan kwamfuta ne da lanƙwasa murya irin na waƙoƙin finafinan Hausa, don a lokacin abin da matasan yankinsu ke so ke nan. Waƙoƙin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya ta Bluetooth da memori, har wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley ya tsince su, ya sa ɗaya a wani kundi da ya tattara na waƙoƙin wayoyin mutanen Sahara. Daga nan ƙofar Turai da Amurka ta buɗe masa.

To da ya isa can, me ya tarar? Mutanen da suka ƙoshi da kiɗan kwamfuta, suna biyan kuɗin tikiti don su ga mutum huɗu a kan dandamali suna zufa, mai jita yana kallon mai ganga, mai ganga yana amsa masa. Sai ya ajiye na'urar lanƙwasa murya ya kafa ƙungiya sosai, da Ahmoudou Madassane a jita ta biyu, da Souleymane Ibrahim a ganguna, da wani Ba'amurke Mikey Coltun. Kundinsu Afrique Victime na 2021 da Funeral for Justice na 2024 rok ne mai ƙarfi, kuma da su ake lissafa shi cikin gwanayen jita na wannan zamani. Juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ma a Amurka ya same su suna yawon wasa. Mutum ɗaya ne fa, kunnensa ɗaya. Da masu sauraronsa 'yan waya ne, ya yi musu na kwamfuta. Da ya sami masu iya ciyar da mutum huɗu, ya tara mutum huɗu. Muna yawan cewa in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza, amma ba mu cika tambayar wa ke canza kiɗan ba. Tun daga Narambaɗa har Mdou, wanda ke auno hatsi ne.

Wannan ba ya nufin na yaba wa waƙoƙin yaron. Gaskiya ɗaya ce, biyar daga cikin shidan ba su yi mini ba. Ba don fiyano ba, don kuwa ina jin Aminu Ala, ina jin wasu ma da ba zan faɗa ba kada ɗalibaina su raina ni. Ba su yi mini ba ne saboda in ka rufe ido ba za ka san daga Argungu suka fito ba. Muryar da Allah ya ba gidansu, mai kauri da ɗan gurnani a ƙasa, na'ura ta murje ta ta koma irin ta kowa. Har Kabancin bakinsa ya wanke, ya koma yin Kananci. Ya shiga kasuwar da yaran Kano da Kaduna suka fi shi sanin lunguna, ya bar a gida abin da su ba su da shi kuma ba za su iya saye ba. Na faɗa masa haka a gabansa, ko a lissafin ciniki wannan faɗuwa ce.

Amma ni ɗin wa? A 2019 da muka aurar da ƙanwata a Birnin Kebbi, ni na riƙe kuɗin hidima. Na yi lissafi, na yi lissafi, na ɗauko DJ. Kawu ya zo bikin da babbar rigarsa, aka ba shi kujera a gaba, ya zauna yana kallon yara suna rawa da waƙar da aka naɗa a Kano. Bai ce mini komai ba, har yau bai taɓa tayar da maganar ba. Ni da na ci tuwon da ganga ta kawo, abin da na yi ke nan. Saboda haka in ana neman wanda ya zubar da gadon gidan nan, a fara rubuta sunana kafin na yaron.

Haka muke gaba ɗayanmu. Muna son makaɗan gargajiya su kasance suna nan, kamar gangunan da ke ajiye a gidan tarihi na Kanta, in mun yi baƙi mu kai su su gani. In bikin kamun kifi ya zo a fito da su, a sa musu anko, su yi wa manyan baƙi kiɗa, a ɗauki hoto. A 2016 hukumar UNESCO ta sa bikin a jerin al'adun duniya, muka yi ta murna, alhali a lokacin bikin kansa yana cikin hutun da ya kai wajen shekara goma, sai a 2020 aka dawo da shi. To a waɗannan shekaru, me muke zaton mai taushi yana ci?

Kafin in baro Argungu na koma yi wa Kawu sallama, sai ya ce in kunna masa waƙoƙin ya ji da kunnensa, tunda shi wayarsa ba ta intanet ba ce. Muka zauna a kan tabarma, na kunna. Huɗun farko bai ce uffan ba, goro kawai yake ɓantara. Da aka zo ta amaryar, wadda ni ma ita ce na ce ta yi, sai na ga yatsunsa sun fara taɓa gefen kwanon da ke gabansa. Ya ce in mayar. Na mayar. Yaron ya kai ƙarshen ɗan waƙa, Kawu ya buɗe baki zai karɓa, kafin ya fitar da sauti kwamfuta ta riga ta liƙa nata amshin ta wuce. Ya sake gwadawa a na biyu, haka. Ya yi dariya har da tari, ya ce: "Gindin ga na da kyau, jinin ubanai na nan. Amma ba ya bar muna ƙohwa ba. Ina mutum ka shiga?"

Ya yi shiru, can ya ce in gaya wa yaron ya zo ranar Juma'a bayan la'asar, ya taho da mai na'urar tasa. Su huɗu suka rage masu ƙarfi a jika, za su zauna a zaure a sake ɗinka ta amaryar, a cire amshin kwamfuta su karɓa da bakinsu, fiyanon kuma a bar shi in ya iya bin taushi. Na kai saƙo. Yaron ya ce zai zo, matsalarsa kuɗin mai situdiyo da na janareta, na ce wannan a wuyana. Kawu kuma ya ce in zan taho in biya kasuwa in sayo masa fatar ɗan akuya guda biyu, don ta taushinsa ɓera ya cinye tun bara.